Waiwaye: Nelson, gonakin rake, da mutum-mutumin da aka sauke a Barbados

Tun kafin ranar 16 ga Nuwamban 2020, lokacin da aka sauke mutum-mutumin Horatio Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, daga tsakiyar birnin Bridgetown na ƙasar Barbados aka kai shi gidan adana kayan tarihi, ake ta ja-in-ja a Birtaniya game da makomar ɗan'uwansa da ke tsaye a kan doguwar hasumiya a dandalin Trafalgar na Landan. Masu kare Nelson suna cewa jarumi ne da ya tsare ƙasarsa daga mamayar Napoleon, kuma bai taɓa mallakar bawa ko ɗaya ba. Masu suka kuwa suna cewa ya jingina da masu gonakin da gumin bayi ya gina. Jama'a da dama sun ɗauka zanga-zangar ƙin wariyar launin fata ta shekarar 2020 ce ta haifi wannan magana, alhali a Barbados tun 1999 aka cire sunan Trafalgar daga dandalin da mutum-mutumin yake, aka mai da shi dandalin jaruman ƙasa, kuma tushen al'amarin ya girmi wannan da shekaru fiye da 200.

Labarin jaruntarsa sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani. An haife shi a ƙauyen Burnham Thorpe na Ingila a 1758, ya shiga aikin sojan ruwa yana ɗan shekara 12 a ƙarƙashin kawunsa, ya zama kyaftin yana da 20. Idonsa na dama ya daina gani a Corsica a 1794, aka yanke masa hannun dama bayan harin Tenerife a 1797, ya tarwatsa jiragen Faransa a gaɓar Masar a 1798, sannan harsashi ya kashe shi a yaƙin Trafalgar, a gaɓar Sifaniya, ranar 21 ga Oktoban 1805, inda jiragensa 27 suka rinjayi 33 na Faransa da Sifaniya. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne shekaru uku na zaman lafiya, daga 1784 zuwa 1787, waɗanda ya yi a tsibiran Karibiyan yana jagorantar wani jirgi mai igwa 28 da ake kira Boreas. Ba a gwabza yaƙi a cikinsu ba, shi ya sa masu ba da labari suke tsallake su, amma a nan ne aka ƙulla abin da ake gardama a kansa yau.

Tsibiran Antigua da Nevis da maƙwabtansu a wancan zamani ba sa ciyar da kansu. An shuke kusan duk ƙasar da za ta nomu da rake, domin sukari ya fi kowane amfanin gona kawo kuɗi a kasuwar Landan, saboda haka fulawa da masara da kifi mai gishiri da ake bai wa bayi, har da katakon da ake haɗa gangunan zuba sukarin, daga Amurka ake shigo da su. Da Amurka ta sami 'yanci a 1783, jiragenta suka koma na baƙi a idon dokar Birtaniya, aka haramta musu ciniki a tsibiran. Dokar kuwa ta zo a kan gaɓar da guguwar teku take ta ɓarna, har majalisar Jamaika ta ba da rahoton cewa bayi kimanin 15,000 sun mutu a tsibirin tsakanin 1780 da 1787 saboda yunwa da cututtukan da ke biyo ta. A irin wannan hali, babba da yaro sun san cewa sai an kau da kai daga fasa-ƙwauri ake samun na sawa a bakin salati.

Nelson, matashi ɗan shekara 26, ya ƙi kau da kai. Ya ɗauki dokar yadda take a rubuce, ya kama jiragen Amurka huɗu a kusa da Nevis a 1785, nan take masu jiragen, da goyon bayan 'yan kasuwar tsibirin, suka maka shi a kotu suna neman diyya mai yawan gaske. Ya daɗe bai taka tudu ba don gudun kada a tsare shi, kuma ƙofofin gidajen da a da suke gayyatarsa liyafa suka rufu. A ƙarshe kotu ta ba shi gaskiya. Sai dai ya kamata a lura da abin da aka yi shari'a a kansa: tutar da ke kan jirgin da ya kawo kaya, da kuma aljihun da riba za ta shiga. Mutanen da suke saran raken daga asuba zuwa faɗuwar rana, waɗanda su ne mafi rinjayen mazauna tsibirin kuma su ne farkon masu kwana da yunwa idan jirgi bai zo ba, babu ɓangaren da ya tsaya domin su. Ko tashar jiragen yaƙi ta Antigua, wadda yau take ɗauke da sunan Nelson kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, da ƙarfin bayi aka gina ta.

Ana cikin wannan tsaka mai wuya, shugaban majalisar Nevis, John Herbert, wanda yana cikin manyan masu gonakin tsibirin, ya miƙa kansa a matsayin mai tsaya masa beli. A gidansa Nelson ya haɗu da 'yar 'yar'uwar Herbert ɗin, wata bazawara mai ɗa guda da ake kira Frances Nisbet, aka ɗaura musu aure a gandun Montpelier ranar 11 ga Maris 1787, kuma Yarima William Henry, wanda daga baya ya zama Sarki William na Huɗu, shi ya tsaya a matsayin waliyyin amarya. Mutumin da ya shigo tsibiran masu gonaki suna ganinsa ƙaya a wuya, ya bar su yana surukinsu. Babu mamaki a ciki ga wanda ya san yadda abubuwa suke tafiya a lokacin: harajin sukari yana cikin abin da ke riƙe da baitulmali, cinikin tsibiran yana horar da ma'aikatan jirgi da rundunar sojan ruwa take ɗiba idan yaƙi ya tashi, ita kuma rundunar tana tsare tsibiran daga Faransa da kuma daga boren bayi. Duk hafsan da ya girma a cikin wannan tsari, da wuya ya kalli gonar rake ya ga wani abu ban da ƙarfin ƙasarsa.

Wasiƙar da ake yawan kafa hujja da ita a yau daga nan ta samo asali. A watan Yunin 1805, yana bin sawun jiragen Faransa a tekun Karibiyan, ya rubuta wa wani tsohon abokinsa mai gonaki a Jamaika, Simon Taylor, cewa shi masoyin tsarin mulkin tsibiran ne kuma a haka zai mutu, sannan ya yi kakkausar suka ga ɗan majalisar Birtaniya William Wilberforce da sauran masu neman a hana cinikin bayi. An buga wasiƙar a jarida a 1807, bayan mutuwarsa, daidai lokacin da majalisa take muhawarar haramta cinikin, kuma binciken da aka fitar a 2020 ya nuna cewa an taɓa kalmominta kafin a buga. Masu kare shi sun yi murna da wannan, amma kwafin asali da ke ɗakin karatu na ƙasa a Landan yana ɗauke da sukar Wilberforce ɗin, ko da yake gaskiya ne cewa Nelson bai taɓa tashi a majalisa ya yi magana a kan batun ba, kuma akwai baƙaƙen fata da suka yi yaƙi a jiragensa a Trafalgar.

Su dai masu gonakin Barbados ba su yi shakkar wane ne nasu ba. Sun ɗauki zuwansa a 1805 a matsayin abin da ya tsirar da dukiyarsu daga Faransawa, suka yi karo-karo suka kafa masa mutum-mutumin tagulla a 1813, shekaru 30 kafin a kammala hasumiyar Landan. A lokacin bauta tana nan daram a tsibirin. Sai a 1833 aka yi dokar soke ta, aka ware fam miliyan 20 na diyya, wadda aka biya iyayengijin bayi, su bayin ba su sami ko kwabo ba. Jikokin waɗannan bayi su ne mafi yawan 'yan Barbados a yau, kuma shekara guda bayan sun sauke mutum-mutumin, ranar 30 ga Nuwamban 2021, ƙasar ta zama jamhuriya. Na Landan yana nan a kan hasumiyarsa, ana ci gaba da gardama a kansa.