Ramin Kwal na Saltom

Saltom tsohon ramin haƙar kwal ne da ke bakin Tekun Ayalan, kudu da garin Whitehaven a yankin Cumbria na arewa maso yammacin Ingila. Shi ne rami na farko a Ingila da aka haƙo kwal daga ƙarƙashin teku. An soma haƙa shi a shekarar 1729 da kuɗin Sir James Lowther, mai mallakar ƙasar, a ƙarƙashin jagorancin injiniyansa Carlisle Spedding, kuma zurfinsa ya kai ƙafa 456. Arzikin Whitehaven a lokacin ya dogara ne a kan kwal ɗin da jiragen ruwa ke kai wa Dublin, shi ya sa Lowther ya yarda a bi jijiyar kwal ɗin har ƙasan teku duk da haɗarin da ke ciki.

Ruwa da iska ne suka fi addabar masu haƙa. Ruwan da ke tsattsafowa an riƙa zuƙe shi da injin tururi irin wanda Thomas Newcomen ya ƙirƙiro. Iskar da ke fita daga jikin kwal kuwa ta fi muni, domin ko harshen kyandir ya isa ya tayar da ita ta fashe. Spedding ya sa aka janyo ta ta bututu zuwa sama ana ƙona ta, sannan ya ƙera wata na'urar haske mai aiki kamar ƙyastu: faifan ƙarfe ne da ake juyawa da hannu yana gogar dutse, tartsatsin da ke tashi ya haska wa mai haƙa wurin aikinsa. Ta rage haɗari, amma ba ta kawar da shi ba. Shi kansa Spedding fashewar iskar rami ce ta yi ajalinsa a 1755.

An rufe Saltom a 1848, ko da yake haƙar kwal a garin ta ci gaba har 1986, lokacin da aka rufe ramin Haig da ke kan tudun da ke saman Saltom.

Abin da ya rage a yau shi ne ginin dutse na ɗakin inji, wanda ba shi da rufi, da bututun hayaƙi, da bakin ramin da aka toshe. Gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihi masu kariyar doka, sai dai igiyar ruwa na cin gaɓar daga gaba, ƙasar tudun kuma na zaftarowa daga baya, abin da ya sa sauka wurin ya zama da haɗari.