Tambayoyi Kan Yadda Ake Ɗanɗana Giyar Inabin Burgundi

Me ya sa masu koyon ɗanɗano suke son farawa da Burgundi?

Saboda irin inabin wannan yanki na gabashin Faransa bai da yawa. Jar giya akasari daga Pinot Noir ake yinta, fara kuma daga Chardonnay. Tunda iri ɗaya ne, bambancin da harshe ya ji ya fito ne daga ƙasar gona, ko yanayin shekarar, ko hannun mai sarrafawa. Gonakin gangaren da ya tashi daga birnin Dijon ya wuce garin Beaune an raba su filaye 1,247, kowanne da sunansa, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Yaya ake shirya kwatancen wata giya da wata?

Abu ɗaya kawai ake canzawa. In gona ake son a gwada, to shekara ta zama ɗaya, mai sarrafawa ma ɗaya. Wanda ya haɗa gona daban, shekara daban, gida daban, ba zai san abin da ya kawo bambancin ba.

Kofunan su zama iri guda, masu faɗin ciki da tsukakken baki, a zuba kamar mililita 50. Fara tana son digiri 10 zuwa 12, ja 15 zuwa 17. Sanyi in ya yi yawa ƙamshi yakan ɓuya, zafi kuma sai warin barasa ya danne komai. A rufe takardar kwalba, don babban suna yana rinjayar hukunci.

Me ake nema a baki?

Tsami, nauyi, da bauri irin na shayin da ganyensa ya daɗe a ruwa, sai tsawon lokacin da ɗanɗanon ya yi bai gushe ba. Ƙwararru ba sa haɗiyewa, tofarwa suke yi cikin wani mazubi.

Giyar garuruwan Chablis da Meursault misali ne mai kyau. Duka Chardonnay ne, amma Chablis tana arewa inda sanyi ya fi, a ƙasa mai farin dutse da ɓawon kawa na tun zamanin da teku ya rufe wurin. Giyarta siririya ce, tsaminta kaifi. Ta Meursault takan daɗe a gangar itacen oak mai lita 228, ta fito da kauri da ƙamshin man shanu.

Sunan gona ya isa shaida?

Bai isa ba. Gonar Clos de Vougeot hekta 50 ce, amma masu ita sun kai kusan 80, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Ta yaya ake gane wadda ta lalace?

Warin jiƙaƙƙen kwali yana nuna marfin ɓawon itacen ya gurɓata ta da sinadarin TCA. In launi ya koma ƙasa-ƙasa da warin tuffa da ta daɗe a yanke, iska ce ta shiga. Irin wannan kwalba ana fitar da ita daga kwatancen a buɗe wata.