Ikwatoriyal Gini: maƙwabciyarmu mai magana da Sifaniyanci

In aka ce a lissafa maƙwabtan Najeriya, Nijar da Chadi da Kamaru da Binin ne ke zuwa baki. Akwai wata kuma da ruwa kawai ya raba mu da ita, wadda daga Kalaba ta fi Abuja kusa nesa ba kusa ba, amma da wuya ka ji ana zancenta. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kanta.

A ina ƙasar take, kuma yaya girmanta?

Kashi biyu ce. Babban kashin, Río Muni, yana gaɓar teku, Kamaru na arewa da shi, Gabon na kudu da gabas, kuma can garin Bata yake. Ɗaya kashin tsibirai ne. Mafi girmansu shi ne Bioko, inda birnin Malabo yake, sai Annobón can kudu a tsakiyar ruwa, da wasu ƙanana irin su Corisco. Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 28,051 ne, wato ta ɗan ɗara jihar Katsina, jama'arta kuwa ba su kai miliyan 2 ba.

Sunanta yana ruɗar mutane. Layin Ikwaita da ya raba duniya biyu, wanda daga gare shi ta samo sunan, bai taka ƙasarta ba, sai dai ya ratsa ta ruwan da ke tsakanin Annobón da sauran sassan.

Me ya kawo Sifaniyanci wannan lungu, bayan kusan kowa a yankin Turancin Ingilishi ko Faransanci yake ji?

Turawan Fotugal ne suka fara zuwa. Wani matuƙin jirgin ruwa, Fernão do Pó, ya iso Bioko wajen 1472, shi ya sa aka daɗe ana kiran tsibirin Fernando Po. A 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifaniya a wata yarjejeniya ta musayar yankuna. Sifaniyawan ba su zauna ba da farko saboda zazzaɓi ya ƙarar da su, har Ingila ta shigo a 1827 ta kafa sansanin jiragen da ke tare masu safarar bayi. Wannan sansani ne ya zama Malabo ta yau. Bayin da aka 'yanta da baƙin da suka zo daga Saliyo suka zauna a nan, kuma daga gare su aka samu harshen Pichi, ɗan'uwan burokan Turancin da ake ji a kudancin Najeriya. Iyakar Río Muni kuwa sai a 1900 Sifaniya da Faransa suka shata ta a birnin Faris. Ƙasar ta samu 'yanci ranar 12 ga Oktoba, 1968.

Wace alaƙa ce tsakaninta da Najeriya?

Alaƙar gumi ce. Ƙasar Bioko baƙa ce mai albarka saboda tokar duwatsu masu aman wuta, koko yana yi a cikinta ƙwarai, amma masu gonakin ba su da hannun da zai yi aikin. Asalin mutanen tsibirin, Bubi, ba su da yawa, cututtukan da baƙi suka kawo sun rage su, kuma sun ƙi aikin tilas. Sai aka juya ga Najeriya. A 1942 Ingila da Sifaniya suka sa hannu a kan yarjejeniyar ɗaukar 'yan ƙwadago, aka riƙa kwasar samari daga Kalaba, galibinsu Ibo da Ibibiyo da Efik. Su ne suka laƙaba wa wurin suna Panya, daga España, sunan Sifaniya a bakin masu ita. Labaran bulala da hana albashi sun riƙa fitowa a jaridun Legas tun kafin Najeriya ta samu 'yanci.

Bayan 1968 abin ya ƙara muni. A ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tura jiragen sama da na ruwa aka kwaso dubun-dubatar 'yan Najeriya gida. Gonakin suka koma daji, kuma noman koko bai sake komawa yadda yake ba har yau. Ina ganin ya kamata a koyar da wannan tarihi a makarantunmu, don mutanenmu ne suka ɗauki tattalin arzikin ƙasar a wuyansu shekara da shekaru.

Me ya faru a zamanin Macías da ake yawan ambata?

Francisco Macías Nguema shi ne shugaba na farko, kuma shekaru 11 da ya yi suna cikin mafi munin mulkin da aka gani a Afirka. A 1972 ya naɗa kansa shugaba na har abada. Ya rufe coci-coci, ya farauci masu ilimi, ya sa aka lalata jiragen kamun kifi don kada jama'a su tsere ta ruwa, har tsibirin ma ya sa masa sunansa. Ana ƙiyasin kusan kashi ɗaya bisa uku na al'ummar ƙasar ko dai an kashe su ko sun yi gudun hijira. Ranar 3 ga Agusta, 1979, ɗan ɗan'uwansa, Teodoro Obiang Nguema Mbasogo, ya hamɓarar da shi, aka yi masa shari'a aka harbe shi a watan Satumba. Obiang ya riƙe mulki tun daga lokacin, kuma a zaɓen 2022 an ce ya samu kusan kashi 95 cikin ɗari.

An ce ƙasar na da arzikin mai. Ya kai ga talaka?

Nan ne abin yake da ciwo. A 1995 kamfanin Mobil ya gano rijiyar Zafiro a teku kusa da Bioko, kuɗi suka kwararo. In da an raba su daidai da yawan jama'a, ƙasar ta taɓa kasancewa a sahun gaba a duk nahiyar. An yi tituna, an yi filayen wasa, an karɓi gasar cin kofin Afirka a 2012 tare da Gabon, da 2015 ita kaɗai. An kuma sare daji an gina sabon birni, Ciudad de la Paz, don ya zama fadar mulki. Amma asibiti da makaranta da ruwan sha ba su samu kaso mai kauri ba. A 2017 wata kotu a Faris ta sami ɗan shugaban, Teodorín, wanda shi ne mataimakinsa, da laifin wawure dukiyar jama'a, a 2019 kuma aka yi gwanjon motocin alfarma 25 da aka ƙwace masa a Suwizalan. Yanzu man yana raguwa.

Su wane ne mutanen ƙasar?

Fang ne mafi rinjaye, fiye da kashi huɗu bisa biyar, kuma suna da 'yan'uwa a Gabon da kudancin Kamaru. Sai Bubi, da Ndowe na bakin teku, da mutanen Annobón masu nasu harshen da ya tsiro daga na Fotugal. Yawanci Katolika ne. Musulmi tsiraru ne, akasari baƙi daga yammacin Afirka, cikinsu har da Hausawa da fatauci ya kai. Kuɗinsu sefa ce irin ta Kamaru da Chadi.

Wane irin namun daji ke can?

Ruwan sama ne ya yi komai. A ƙauyen Ureca da ke kudancin Bioko ana samun sama da milimita 10,000 a shekara, wato fiye da ninki goma na abin da Kano ke samu. Dutsen Pico Basile, mai tsayin mita 3,011, kusan kullum a lulluɓe yake da gajimare. Tsibirin ya taɓa haɗe da gaɓar Kamaru kafin teku ya taso ya yanke shi kimanin shekara 10,000 da suka wuce, don haka birai da tsuntsayen da suka maƙale a can suka ɗauki tasu kama, wasu ba a samunsu ko'ina sai nan.

A Río Muni akwai gandun dajin Monte Alén, mazaunin goggon biri da giwar kurmi da damisa. A kogunan yankin masu gudu ake samun kwaɗon da ya fi kowane girma a duniya, wanda zai iya wuce kilo 3. Daga dajin Río Muni ne kuma aka kama wani goggon biri zabiya, fari fat, a 1966, aka kai shi gidan namun daji na Basalona, ya rayu a can har 2003.

Abin da ke damuna shi ne kasuwar naman daji ta Malabo. Kuɗin mai sun sa masu hali suna sayen naman biri da tsada, sababbin tituna kuma sun buɗe wa maharba hanya zuwa kurmin da a da sai an yi kwanaki a ƙafa kafin a kai. An kafa dokar hana farautar birai a 2007, amma ba ta daɗe da tasiri ba. Titin ya isa har Ureca, inda kunkurun teku iri huɗu ke fitowa da dare daga Nuwamba zuwa Fabrairu, suna tona rairayi suna binne ƙwansu.