Gangaren layi da layuka masu tafiya daura da juna

Gangaren layi adadi ne da ke nuna yadda miƙaƙƙen layi yake hawa ko sauka idan aka bi shi daga hagu zuwa dama. A sakandaren Najeriya an fi kiransa giradiyent, ana rubuta shi da harafin m. Layuka masu tafiya daura da juna kuwa su ne waɗanda ke kan shimfiɗa ɗaya, kuma ba za su haɗu ba komai nisan da aka ja su. Abin da ya haɗa batutuwan biyu shi ne, layuka daban-daban da ke da gangare iri ɗaya dole su tafi daura da juna. Darasin yana cikin lissafin babbar sakandare, yana kuma fitowa a jarrabawar WAEC da NECO.

Yadda ake lissafi

Ana raba tsayin da layin ya hau da nisan da ya ci a kwance. Kafinta da ya ɗaga rufin kwano mita 1 a kan faɗin mita 4 ya ba shi gangaren 1/4. A takardar giraf, idan layi ya bi ta ɗigo (1, 3) da (3, 7), ya hau 4 ya ci gaba 2, gangarensa 2 ke nan. A dunƙule, idan layi ya bi ta ɗigo (x₁, y₁) da (x₂, y₂), m = (y₂ − y₁)/(x₂ − x₁). Layi mai sauka gangarensa yana ƙasa da sifili, na kwance sifili ne, na tsaye ƙyam kuwa ba shi da adadin gangare, domin ba a raba lamba da sifili.

Ana rubuta miƙaƙƙen layi a matsayin y = mx + c, inda c ke nuna wurin da ya yanki layin y, wato layin tsaye na giraf. Don haka y = 2x + 1 da y = 2x − 4 ba za su taɓa haɗuwa ba, domin gangaren kowanne 2 ne. Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne irin 2y = 4x + 6. Ido yana kai wa 4 sai a ce shi ne gangaren, alhali sai an raba komai da 2, a samu y = 2x + 3. Idan kuma layuka biyu suka gitta juna suka yi kusurwa mai digiri 90, kuma babu na tsaye a cikinsu, ninka gangarensu yana ba da −1.

Tarihi

Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariyar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kafa ilimin awon siffofi a kan ƙa'idoji biyar. Ta biyar ita ce ta shafi layuka masu tafiya daura da juna, kuma ta hana masana barci kusan shekara 2,000, don suna ganin ta yi tsawo da sarƙaƙiya, ya kamata a ce an fitar da ita daga sauran huɗun. Ibn al-Haisam da Umar Khayyam da Nasiruddin al-Tusi duk sun gwada. Sai a 1829 da 1832 Lobacebski na Rasha da Bolyai na Hangari suka nuna ana iya gina wani lissafin ba tare da ita ba. Haɗa layi da aljabara ta hanyar x da y kuwa ya samo asali ne daga aikin Rene Dekat na Faransa a 1637.

Koyarwa a karkarar Kano da Jigawa

Ƙarancin takardar giraf da cunkoson aji kan sa malami ya rubuta ƙa'idar a allo, yara su haddace. Haddar takan kai su rabin hanya ne kawai, da an juya tambaya sai ta zube. Alhali kayan darasin suna bakin ƙofa. Ɗalibin Kura ko Kadawa ya san ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana isa gonakin shinkafa da tumatir ne ta magudanai da aka sassauta wa gangare, ba inji ke tura shi ba. Idan gangaren ya yi yawa ruwa ya zaizaye ƙasa, idan ya yi kaɗan ya kwanta. Na Ringim ko Malam Madori kuma yana da layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ƙarafansa biyu ke tafiya daura da juna, tazararsu milimita 1,067 ce. Sai dai a nan ya kamata malam ya zaɓi inda dogon ya miƙe, domin a kwana ƙarafan ba miƙaƙƙun layuka ba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jingina sanda biyu a bangon aji, a ba yara tef su auna tsayin da kowace ta kai a bango da nisan gindinta daga bangon. Ɗaya ta kai santimita 120 a nisan 60, ɗaya 80 a nisan 40. Tsawonsu ya bambanta, amma rabon kowace 2 ne. Daga nan sai a ce su matsar da gindin gajeriyar zuwa inda suka ga dama, su sake awo, su faɗi ko sandunan za su haɗu idan an ƙara musu tsawo.