Rarar haraji a Amurka: me doka ta ce, kuma ina ya kamata a ajiye ta?

Kuɗin da hukumar harajin Amurka, wato IRS, take mayar wa ma'aikaci bayan ya miƙa takardun harajinsa na shekara, yawancinsu guminsa ne. Duk ranar biya ana yankar wani kaso daga albashinsa a tura wa gwamnati, gwargwadon abin da ya rubuta a fom W-4, takardar da yake cike wa wurin aikinsa don a san nawa za a riƙa yanka. In aka zo lissafi aka ga an yanki fiye da abin da ake bin sa, sai a dawo masa da rarar. Wasu kuma ana haɗa musu da tallafin da doka ta ware wa masu yara da masu ƙaramin ƙarfi.

Abin lura shi ne, kuɗin nan sun yi watanni a hannun gwamnati ba su haifar maka ko sisi ba. IRS ba ta biyan ruwa a kansu sai in ta wuce kwana 45 ba ta biya ba, ana ƙirgawa daga 15 ga Afrilu, wato wa'adin miƙa takardun haraji, ko daga ranar da ka miƙa takardunka idan ka makara. Saboda haka wanda yake karɓar rara mai kauri duk shekara gara ya gyara W-4 ɗinsa, kuɗin su riƙa zuwa masa cikin albashi. Wanda kuma bai miƙa takardu ba alhali yana bin gwamnati, shekara 3 doka ta ba shi. Da sun wuce, kuɗin sun zama na baitulmali, ba mai dawo da su.

To, rarar ta fito. Mutane da yawa ba su san ana iya raba ta tun kafin ta iso ba. Da fom 8888 za ka umarci IRS ta zuba ta a asusu biyu ko uku, muddin suna Amurka kuma da sunanka, ko na abokin zamanka na aure, ko na haɗin gwiwarku. A ganina wannan fom ya fi kowace shawarar tanadi amfani, domin kuɗin da suka faɗa asusun cefane ba sa kwana.

Wajen zaɓen asusun ajiya, dokar gaskiya kan ajiya ta 1991 ta tilasta wa bankuna su bayyana ribar shekara da ma'auni guda, wanda ake kira APY. Shi ne abin da kuɗinka za su samu a shekara har da ruwan da ruwa ya haifa, kuma shi za ka kwatanta, ba rubutun talla ba. A ce rararka dala 3,000 ce. Bankin da ke ba da kashi 0.01 cikin 100 zai ba ka santi 30 a shekara. Wanda ke ba da kashi 4 zai ba ka dala 120. Kuɗi ɗaya, shekara ɗaya, bambancin kawai inda ka ajiye. Sai dai ribar asusun ajiya ba ta tsaye wuri ɗaya, tana bin babban bankin ƙasa. Ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 5.25 zuwa 5.5 a Yulin 2023, ya fara saukewa a Satumban 2024, bankuna suka bi shi. Mai son ɗaure riba sai ya yi ajiyar wa'adi da ake kira CD, amma in ya cire kafin lokaci akwai tara. Mai bashin katin banki kuwa ya fara da shi, don ruwan katin ya ninka na ajiya.

Ita ma ribar ana biya mata haraji kamar albashi. Banki zai aiko maka da fom 1099-INT idan ta kai dala 10, kuma ko ba ta kai ba wajibi ne ka bayyana ta. Wanda yake matakin haraji na kashi 22, cikin dala 120 ɗin nan dala 26.40 ta gwamnatin tarayya ce. Takardun bashin gwamnatin tarayya suna da sauƙi ɗaya: jiha ba ta karɓar haraji a kan ribarsu. Ka kuma tabbatar bankin yana ƙarƙashin inshorar FDIC, hukumar gwamnati da ke kare ajiyar mutum har dala 250,000 a banki guda, a kowane rukunin mallakar asusu, kamar na mutum ɗaya ko na haɗin gwiwa.

Akwai kuma asusun fansho na kai da kai, IRA, wanda a 2025 ake iya zuba masa dala 7,000, ko 8,000 ga wanda ya kai shekara 50. Masu gudun kuɗin ruwa suna iya sayen hannun jari a cikinsa. Fom 8888 yana iya tura rarar can kai tsaye, amma a kula: in kana son a lissafa kuɗin a shekarar da ta wuce, dole su shiga kafin wa'adin Afrilu, kuma dole ka sanar da masu riƙe da asusun. In ka yi shiru, za su rubuta su a shekarar da ake ciki.