Waiwaye: Saƙon da ke faɗo wa kwamfuta ba sallama

Sai a 1999 aka buɗe wa jama'a intanet a Saudiyya, kuma ba a jima ba shagunan intanet suka bazu a Jidda da Makka da Madina. 'Yan uwanmu da suka yi tsaron irin waɗannan shaguna, da ɗaliban da ke zuwa duba wasiƙun gida, za su tuna wani ɗan akwati mai ruwan toka da kan fito tsakiyar allo. Mai shago na zaune a teburinsa, sai ya rubuta umarnin Windows na net send, ya sa alamar tauraro mai nufin kowa, ya bi da saƙo: an kira la'asar, za a rufe. Nan take ya bayyana a kowace kwamfuta. Ba a tambaye shi suna ba, balle lambar sirri.

Abin ya girmi Windows nesa ba kusa ba. Tun shekarun 1970 manhajar Unix ke da umarnin write na aika wa mutum ɗaya, da wall na aika wa kowa, amma sai kana cikin na'urar tare da su. Da aka fara haɗa na'urori sai aka so saƙo ya tsallaka. A 1982 masanin kwamfuta Jon Postel ya fitar da ƙa'idar aika imel ta SMTP, a cikinta har da umarnin SEND, wanda ke kai saƙo kan allon mutum kai tsaye maimakon akwatin wasiƙunsa. A 1990 aka sake tsara wata 'yar ƙa'ida don wannan aiki kaɗai, aka ware mata ƙofar shigar saƙo cikin na'ura mai lamba 18. Duk ba su yi kasuwa ba.

Me ya sa ba su sa makulli ba? Masu amfani da hanyar a lokacin malaman jami'a ne da masu bincike, kusan kowa ya san kowa. Kamar zauren gidan da duk mai shigowa ɗan unguwa ne, wa zai tsaya neman kwaɗo?

Microsoft ce ta kai abin hannun kowa, da 'yar manhajar saƙo ta WinPopup, sannan da wata hidima mai suna Messenger a Windows NT da 2000 da XP. (Ba ita ce MSN Messenger ta hira ba, ko da yake an sha rikita su.) Hidimar tana kunne tun daga kamfani, tana sauraron duk wanda ya ƙwanƙwasa. A cikin ofis ko shago wannan ba laifi. Matsalar ta taso ne da gidaje suka fara jona kwamfuta da intanet kai tsaye ba katangar tsaro. Daga 2002 'yan talla, musamman a Amurka, suka gano suna iya bin adireshin na'urori ɗaya bayan ɗaya suna watsa saƙo. Mafi rainin hankali a ciki su ne masu aiko maka akwatin suna tallar manhajar da za ta hana akwatin zuwa. A 2003 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta maka wani kamfani, D Squared, a kotu kan haka. A Oktoban shekarar kuma Microsoft ta sanar da wata ɓaraka a hidimar da za ta iya bai wa baƙo iko da na'urar gaba ɗaya.

Daga nan sai rufewa. Gyaran da aka yi wa XP a 2004 ya kashe hidimar, Windows Vista kuma ta zo babu ita sam. Umarnin msg da ya maye gurbin net send sai da izini yake aiki a wata na'urar.

A ganina rufewar ta dace, sai dai ƙananan shaguna ne suka yi asara ba laifinsu. Yau mai shagon kwafi a Shari' Mansur na Makka in zai yi wa yaronsa magana a ɗaya teburin, WhatsApp zai buɗe, saƙon ya je wata na'ura mai nisa kafin ya dawo ɗakin.

Sha'awar aika wa baƙo saƙo ba tare da ya san ka ba kuwa, waya ta koma. A tsakiyar shekarun 2000 matasa a manyan kantunan Riyad da Jidda sun yi tashen aika wa juna saƙo da lambar waya ta hanyar Bluetooth, har iyaye da malamai suka yi ta kokawa. AirDrop, hanyar iPhone ta tura abu zuwa wayar da ke kusa, ma ya sha irin wannan, har a ƙarshen 2022 Apple ta taƙaita karɓar saƙo daga kowa zuwa minti 10, bayan haka wayar ta koma kan waɗanda ke cikin jerin lambobinka kawai.