Terra Networks: Yunƙurin Telefónica na Mallakar Ƙofar Intanet

Terra Networks kamfanin intanet ne da Telefónica, babban kamfanin tarho na Sifaniya, ya kafa a ƙarshen shekarun 1990. Sana'arsa iri biyu ce: sayar wa jama'a layin shiga intanet, da gudanar da shafin mashiga, wato shafin da ya tara labarai da imel da ɗakunan hira da injin bincike da talla a wuri guda. Ana yawan kawo labarinsa idan ana maganar yadda kamfanonin waya suka so cin riba biyu, ta layi da ta abin da ke bi ta layin.

Dabarar

A wancan zamani mai kwamfuta sai ya haɗa ta da layin tarho, ya jira na'urar ta gama ƙara, sannan ya shiga. Ana lissafa masa kuɗi da minti, kuma muddin yana ciki babu mai samun gidan a waya. Shafin farko da ke buɗe masa yawanci na kamfanin da ya sayar masa da layin ne, da yawa kuma ba su san yadda ake canza shi ba. A nan lissafin yake: wanda ya riƙe ƙofa shi zai riƙe idanun jama'a, masu talla kuma idanu suke saye. Deutsche Telekom ta yi haka da T-Online a Jamus, France Télécom da Wanadoo a Faransa.

Telefónica tana da abin da waɗannan ba su da shi, wato kasuwar Latin Amurka. Terra ya saye shafin Olé a Sifaniya, da ZAZ a Brazil, da Infosel a Meziko.

Hawa da faɗuwa

A Nuwamba 1999 aka fara sayar da hannun jarin Terra a kasuwar hannun jari ta Madrid da ta Nasdaq a Amurka, a kan kusan yuro 12 kowanne. Kafin ƙarshen Fabrairu 2000 ya haura yuro 150, alhali kamfanin asara yake yi. A watan Mayu na shekarar, lokacin shugabancin Juan Villalonga a Telefónica, aka sanar da cewa Terra zai sayi Lycos, wani shafin mashiga da bincike na Amurka, a kan dala biliyan 12.5 ta hanyar musayar hannun jari, sunan ya koma Terra Lycos. Cinikin ya zo a makare, domin kasuwar kamfanonin intanet ta riga ta fara durƙushewa, kuɗin talla kuma ya ja baya.

Sai dai babbar matsalar ba a kasuwar hannun jari take ba. Da intanet mai sauri ta ADSL ta shiga gidaje, layi ya zama a buɗe dare da rana, kuɗi kuma na wata ne. Mutum ba ya gaggawa, ba shi da dalilin tsayawa a shafin da aka ɗora masa. Bincike ya koma wajen Google, imel wajen Hotmail da Yahoo. Wani abin kuma, Telefónica da kanta ta shiga sayar wa gidaje ADSL kai tsaye, uwa tana gasa da ɗanta a kasuwa ɗaya. Ribar gaske tana cikin kuɗin wata na layi, kuma babu dalilin da zai sa mai layin ya bar wa wani ita.

A 2003 Telefónica ta yi tayin saye hannun jarin sauran masu jari a kan yuro 5.25, ƙasa da rabin farashin ranar farko. Ƙananan masu jari da dama, waɗanda suka zuba ajiyarsu lokacin da farashi ke sama, sun ji jiki. A 2004 aka sayar da Lycos ga Daum, kamfanin intanet na Koriya ta Kudu, a kan kusan dala miliyan 100, a 2005 kuma aka narkar da Terra cikin Telefónica.

Sunan ya ci gaba da aiki a matsayin shafin labarai da nishaɗi. A 2017 aka rufe shafin a Sifaniya da wasu ƙasashe, amma na Brazil ya tsira, ya koma ƙarƙashin Telefônica Brasil mai layin Vivo.